Wasiƙa ga ƙanena kan sabar waƙoƙin gida

Ƙanena,

 

Na ga saƙonka kan ɗan akwatin nan na Raspberry Pi da ka ɗora wa Navidrome, wanda muka zuba wa waƙoƙin Shata da Ɗanƙwairo daga kaset-kaset ɗin Baba. Ka ce ka gaji, goge komai za ka yi ka sake girkawa. Don Allah dakata. Abin da ya yi aiki da safe ya ƙi da yamma, da wuya a ce manhajar ce ta lalace. Kuma yadda ka bayyana mini, matsala biyu ce ka haɗa wuri ɗaya.

Ta farko ita ce wayarka ta ce sam ba ta ga sabar ba. Nan adireshi nake zargi. Rauta aron adireshin IP take ba kowace na'ura, kuma in aka ɗauke wuta aka dawo da ita, tana iya sake rabo. Sai wayar ta yi ta sallama a 192.168.1.20, alhali akwatin ya tashi ya koma 192.168.1.23. Shiga shafin rautar, nemi sashen DHCP, ka ware wa akwatin adireshi guda da lambarsa ta MAC. Shi za ka rubuta a wayar, da 4533 a ƙarshe, ƙofar da Navidrome ke amsawa ke nan in ba ka canza ta ba.

Ta biyun ta fi wahalar kamawa: ana tsakiyar waƙa sai ta tsaya cak, can kuma ta ci gaba. Kada ka taɓa komai tukuna. Buɗe kwamfutarka ka saki ping zuwa adireshin akwatin, ka bar shi yana tafiya, sannan ka kunna waƙa a waya. In ping ya yanke daidai lokacin da waƙar ta tsaya, ko dai hanya ce ko akwatin kansa. Na san a ɗakin baya ka ajiye shi, katangar bulo biyu tsakaninsa da rauta, ga kuma Wi-Fi na maƙwabta duk sun cunkushe a zangon 2.4 GHz. Kana iya gwada tasha ta 1, ta 6 ko ta 11, su ne ba sa hawa kan juna. Amma ni ba zan ɓata lokaci a nan ba. Saba ba yawo take yi ba, me ya haɗa ta da Wi-Fi? Kawo ta kusa da rauta ka haɗa su da kebul.

In da kebul ɗin ma bai daina ba, dubi caja. Pi 4 na buƙatar bolt 5 da amfiya 3, kuma cajar waya ta kasuwa sau da yawa ba ta kai abin da aka rubuta a jikinta, balle ga faifan ajiya yana jan wuta ta USB. Rubuta vcgencmd get_throttled a akwatin. In ka ga 0x0, lafiya lau. In wata lamba ce daban, akwatin ya fuskanci ƙarancin wuta ko zafi tun da aka kunna shi.

In kuwa ping bai yanke ba amma waƙa ta tsaya, ko faifan ne ya yi barci yana ɗaukar daƙiƙoƙi kafin ya farka, ko kuma wayarka ce ke kashe manhajar da zarar allo ya mutu, wai tattalin batir. Cire ta daga jerin manhajojin da wayar ke yi wa tattalin batir.

Abu ɗaya za ka riƙa canzawa, ka bar shi ya kwana, kafin ka taɓa na gaba. Ka turo mini hoton abin da ping ya nuna. Kuma kafin komai, kwafi waƙoƙin nan a wani faifan, kaset-kaset ɗin Baba ba za su jure wani kwafin ba.

Wassalam,
Yayanka