Hirar Ladin Cima da tambayar da ban taɓa yi wa Kawu ba

 Yau ina so ne in ɗan taɓa zancen shirye-shiryen hira da taurarin fim, saboda wani abu da ya faru a gidanmu wanda har yanzu bai bar raina ba.

Mu da aka haifa a Sabon Ibadan, rabin Arewar da muka sani a allo muka gan ta. Tun da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, shirin Kundin Kannywood na Aminu Sharif Momo ya zama kamar baƙon gidanmu. Ni dai a lokacin ba labarin fim ne ya fi jan hankalina ba, Hausar nake saurare, domin tawa ta sha Yarabanci har idan muka je Kano hutu 'yan uwa dariya suke yi mini. Daga baya BBC Hausa ta kawo Daga Bakin Mai Ita, Hadiza Gabon ma ta buɗe nata shirin a YouTube a 2022. Tambayoyin kusan kowa ya haddace su: a ina aka haife ki, yaya aka yi kika shiga fim, iyaye sun yarda, ina maganar aure. Mu kuma mu baza kunne, musamman idan aka zo kan auren.

To, a watan Fabrairun 2022 sai aka yi hira da Ladin Cima, wadda aka fi sani da Tambaya, dattijuwar da ta shafe shekaru masu yawa tana fitowa a matsayin uwa. A nan ta bayyana cewa sau da yawa abin da ake sallamarta da shi bai wuce naira dubu 2 zuwa dubu 5 ba, kuma ba ta mallaki gidan kanta ba. Kun san ƙurar da ta tashi. Wasu masu shirya fim suka fito suka ce sun biya ta fiye da haka, wasu suka goyi bayanta, aka yi ta musayar magana kwana da kwanaki.

Da daddare na nuna wa mahaifina hirar a waya. Shi ɗan kasuwa ne, wake yake sayarwa a Bodija, kuma a wajensa babu abin da ya kai rufin asiri daraja. Ya kalla har ƙarshe, ya ce baiwar Allah ta ba shi tausayi, amma bai kamata mutum ya faɗi abin da yake samu a bainar jama'a ba. Ni kuwa jini na tafasa, na ce, “Baba, ai da ba ta faɗa ba babu wanda zai sani. Zalunci a cikin shiru yake ƙiba.” Na yi ta zuba, ina kushe mutanen da ban taɓa gani ba. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, “To madalla. Kai da kake riƙe da littafin shago, nawa muke ba Kawu a kan buhu?”

Wallahi sai na rasa bakin magana. Kawu ba ɗan uwanmu ba ne na jini, ɗan dako ne da yake sauke mana kaya tun kafin in shiga firamare. A kafaɗarsa na fara zaga kasuwar. Ni nake rubuta kuɗin dako a littafi, ni nake miƙa masa da yamma, na san adadin sarai. Abin da ban taɓa yi ba shi ne in tsaya in lissafa ko kuɗin zai ciyar da mutum mai iyali. Farashin wake ya tashi ya sake tashi, kuɗin buhunsa yana nan inda yake.

Washegari bayan azahar na same shi a gindin rumfa, na zauna kusa da shi. Na ce, “Kawu, don Allah abin da muke ba ka yana isarka kuwa?” Ya yi dariya, ya ce, “Yaro, yau kuma ɗan jarida ka zama?” Da farko alhamdulillahi kawai yake ta maimaitawa. Sai da na yi shiru na daɗe, sannan ya ce shekara biyu ke nan bai je gida ba saboda kuɗin mota, kuma bayansa yana hana shi barci, amma yana jin nauyin Alhaji. Shekara kusan 20 muna tare, ban taɓa jin wannan ba, don ban taɓa tambaya ba.

Da na kai wa Baba maganar bai ce na yi daidai ba, bai kuma ce na yi kuskure ba. A ƙarshen mako dai ya ce in gyara lissafin dako, kuma da azumi ya zo shi ya biya wa Kawu kuɗin mota. Har gobe yana nan a kan ra'ayinsa cewa bai dace a faɗi irin wannan a gaban kyamara ba. Ni ma ina nan a kan nawa, domin na ga yadda kunya take rufe bakin mai haƙƙi, wanda ake bi kuma ya ɗauka shirun yarda ce.

Har yanzu ina kallon waɗannan shirye-shirye, kuma ba zan ɓoye muku ba, ina jin daɗin zancen aure da saki kamar kowa. Sai dai tauraro yana da mai yi masa tambaya da dubban masu saurare. Mai dakonka da yaron shagonka da mai yi muku wanki ba su da kowa sai kai. Ɗan uwa, yaushe rabonka da ka tambayi naka?

Allah ya rufa mana asiri, ya hana mu cin haƙƙin wani. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.