Bar-ni-da-mugu: Gyaɗa Ba Ta da Laifi

Tun ina yaro nake jin manya suna ɗora wa gyaɗa alhakin ƙurajen nan da ke feso wa samari da 'yan mata a fuska, waɗanda Bahaushe ya laƙaba wa suna bar-ni-da-mugu. A unguwarmu ta Ƙetaren Gwari, cikin Minna, har gobe in ƙurji ya fito wa yarinya a kumatu, sai uwa ta hana ta ƙuli-ƙulin Bida. Waɗansu su ce ƙazanta ce, waɗansu su ce jini ne ya ɓaci. Mafi muni kuwa su ne masu cewa wai sha'awa ce ta yi mata yawa, a gaggauta yi mata aure. Na san yarinya 'yar shekara 15 wadda ta daina zuwa Islamiyya saboda wannan gori.

Alhali kuwa tushen al'amarin yana cikin jiki. A gindin kowane gashi akwai wata 'yar jaka mai fid da maiƙo don tausasa fata. Idan balaga ta zo, sinadaran da ke sa muryar yaro ta buɗe su ne ke sa jakunkunan nan su yawaita maiƙo. Sa'an nan maiƙon ya haɗu da matacciyar fata ya toshe ƙofar gashi, ƙwayoyin cutar da dā ma suke zaune a fatar kowa su sami wurin hayayyafa, wurin ya kumbura. Gado ma yana da hannu. Baƙin ɗigon nan da ake gani a kan hanci ba datti ba ne, maiƙo ne da iska ta baƙanta, shi ya sa dirza fuska da soso ba ya ƙara kome sai kumburi.

Game da abinci, abin da likitoci suka fi zargi shi ne yawan sukari da farin burodi da lemun kwalba, da kuma madara ga waɗansu mutane. Ba a tabbatar wa gyaɗa laifi ba.

Man da ke da laifi na gaske shi ne wanda ake shafawa. Mai karatu ya leƙa garejin makanikai na unguwarmu ya dubi 'yan koyon aiki. Wanda ke wuni cikin riga da wando jiƙe da baƙin mai, yakan yi fama da ƙuraje a damtse da cinya, don man injin yana toshe ƙofofin gashi. Haka basilin da man gashi mai kauri suke jera ƙuraje a goshi.

Amma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne man bilicin. Yarinya ta gaji da gori, ta je kemis a miƙo mata man da ke ɗauke da sinadarin sitiroyid. Mako biyu fuska ta yi sumul, daga baya ƙuraje su dawo ninkin-ba-ninkin, fata ta yi sirara. A 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan.

Maganin asibiti, irin su benzoyl peroxide, yakan ɗauki mako shida zuwa takwas kafin a ga aikinsa, kuma a nan ne haƙurin yawancin matasa ke ƙarewa, su koma matsa da farce. A baƙar fata kuwa, tabon ƙurjin da aka matse yakan yi watanni bai gushe ba.