Kaba da rama: arzikin da muke takawa

Duk wanda ya tashi daga Diffa ya bi ta Maine-Soroa har N'Guelbély, zai ga baƙar leda ta ɗare bisa ƙayoyi kamar hankaki. Makiyaya sun san illarta: akuya ta haɗiye ta, ta rame, ta mutu. A shekara ta 2014 Nijar ta kafa dokar hana shigo da irin wannan leda da saida ta, amma har yau tana cike da kasuwanni. A ganina dalili ɗaya ne: an ce wa talaka ya saki, ba a miƙa masa abin kamawa ba.

Alhali abin kamawar yana ƙasarmu. A lakwal an koya mana cewa haɗa zare da abu mai danƙo, don a samu ƙarfin da kowanensu bai da shi, ilimin Turawa ne. To, ashe kakanninmu ba da laka da ciyawa suke gina rumbu ba? Laka ita kaɗai tsagewa take, ciyawa ce ke riƙe ta. Da wannan dabara kamfanonin motoci na Jamus da Japon ke cuɗa zaren rama da roba suna yin bangon ƙofar mota. A Bangaladash, wadda ta hana leda tun 2002, masani Mubarak Ahmad Khan ya yi kwanon rufi da zaren wata ƴar'uwar rama, ya kuma fitar da jaka mai ruɓewa a ƙasa.

Mu kuwa muna da goruba a kwaruruwan Manga, da matan da suka gwanance wajen saƙa kaba. Muna da tattasan Komadugu da kanwa masu bukatar mazubi mai arha, wanda ba ya jin ruwa. Abin da ya rage shi ne masananmu su nemo danƙon da kuɗinsa bai fi ƙarfin manomi ba, domin in kwandon ya fi bokitin roba tsada, ba mai sayensa.

Sai dai a yi hattara. Gorubar nan ce ke tare rairayi. In aka sare kaba ba ƙa'ida, tudun yashi zai binne gonaki. Don haka kafin a kafa masana'anta, a fara da dashe da tsarin yanka. Allah ya sa magabata su ji.