Lafiya: Inda hannu ke faɗin abin da baki ya kasa

A makon nan tafiya za mu yi zuwa Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa, inda na yi kwana huɗu ina zagayawa.

Mai zuwa daga Abuja zai bi ta Keffi da Akwanga, ya ratsa duwatsun Nasarawa Eggon, sannan ƙasa ta miƙe ta kwanta har cikin gari. Tun daga Shabu za ka fara ganin tulin doya a bakin titi, da buhunan gawayi, da 'yan mata masu tallar gyaɗa da rake. Tarihi ya nuna cewa Muhammadu Dunama, Babarbare, shi ya kafa garin a ƙarshen ƙarni na 18, shi ya sa har gobe ake ce masa Lafiyar Barebari. Ya zama babban birnin jiha a ranar 1 ga Oktoba, 1996, da aka cire Nasarawa daga Filato. Sarkin yanzu, Mai Shari'a Sidi Bage Muhammad, tsohon alƙalin Kotun Ƙoli ne, ya hau karaga a 2019. Idan ka shiga Kasuwar Alamis, cikin 'yan mintuna kunnenka zai ji Alago da Eggon da Gwandara da Migili da Tibi da Fulatanci, amma da an zo ciniki kowa sai ya koma Hausa.

Bayan doya da riɗi da agushi, akwai wani kaya da ƙauyuka suka daɗe suna turo wa Lafiya, wanda ba a ɗora shi a bayan mota. Hausawa na cewa abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, kuma garuruwan biyu duk maƙwabtan Lafiya ne. A 2001 rikici ya kori dubban mutane daga kudancin jihar. A Mayun 2013 an yi wa jami'an tsaro kwanton ɓauna a ƙauyen Alakyo, kusa da gari, fiye da 60 suka rasu, suka bar mata da marayu. A 2018 rikicin manoma da makiyaya ya sake watsa ƙauyuka a Awe da Keana da Obi da Doma. A Janairun 2023 harin jirgin sama ya hallaka makiyaya da dama a Rukubi. Babu ƙabila ko addinin da bai binne nasa ba. Da yawa daga waɗanda suka tsira ba a sansani suke ba, suna gidajen 'yan uwa a unguwannin gari, suna dako, suna wankau, suna kai yara makaranta. Ka gan su a titi ba ka ce komai ya same su ba.

Inda ake gane su shi ne kantin magani. Wata abokiyar karatuna tana da kanti a gefen hanyar Makurɗi, na yini biyu ina taya ta zama. A yinin farko wata dattijuwa ta shigo da kwalin magani da ya ƙare, ta ce a ba ta irinsa. Diazepam ne.

Na ce, "Mama, wane ne ya rubuta miki wannan?"

Ta ce, "'Yata, wani yaro ne mai kemis ya taimake ni. Idan ban sha ba, ido biyu nake kwana."

"Tun yaushe barcin ya ƙaurace?"

Ta yi shiru, ta gyara ɗaurin kallabinta, ta ce, "Tun da muka baro gida."

Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba, ni ma ban matsa ba. Irin wannan amsa abokiyata ta ce tana jin ta kusan kullum: ciwon kai da ba ya jin magani, faɗuwar gaba, zafin ƙirji, ciwon jiki mai yawo. An yi gwajin maleriya da taifot, an sha allurai, ciwo yana nan. Wani nazari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ya nuna cewa a wuraren da aka yi yaƙi ko rikici, kusan mutum 1 cikin 5 yana fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, kamar ciwon damuwa, ko fargaba, ko firgicin da ke biyo bayan tashin hankali.

A matsayina na mai harhaɗa magunguna, ga abin da nake so a riƙe. Diazepam da danginsa suna kwantar da jiki na 'yan sa'o'i, amma jiki yana sabawa da su cikin makonni kaɗan. Ƙwaya ɗaya ta daina isa, a koma biyu, idan aka bari kwatsam kuma rashin barcin ya dawo fiye da da, wani ma har da jijjiga. Ga tsofaffi suna jawo jiri da faɗuwa. Tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a ba da irin waɗannan ƙwayoyi don firgici ko rashin barci a watan farko bayan tashin hankali. Matasa kuma sukan nemi mafaka a tiramadol da kodin, wanda gwamnati ta hana sarrafa maganin tari mai ɗauke da shi a 2018. Wanda ya riga ya saba da ƙwayar barci kada ya yanke da kansa, likita ne zai riƙa rage masa a hankali.

To idan ƙwaya ba ta isa ba, baki kuma ya ƙi buɗuwa, ina mafita? Mu mutane ne masu kawaici. An rene mu a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Namiji ba ya kuka a gaban iyali, uwa ba ta ambaton ɗan fari ko yana raye, balle ya rasu. Yaro kuwa ko yana so ya faɗa, kalmomin ba su ishe shi ba.

A rana ta uku na ziyarci gidan wata 'yar uwa a Tudun Gwandara. Shekara guda ke nan tana riƙe da ƙanwar mijinta da 'ya'yanta uku da suka baro ƙauye. Malamar firamare ce, kuma ta saba da la'asar ta shimfiɗa tabarma, ta zube tsofaffin takardun jarrabawa da fensir masu launi, duk yaran gida su zauna, nata da na baƙi, ba tare da an ware kowa ba. Ta nuna mini zanen ɗan autan baƙin, mai shekara 7, waɗanda ta adana a leda bisa jerin kwanaki. Na farko-farko gidaje ne babu ƙofa, da jan launi da aka danna har takarda ta huje. Watanni ana haka. Daga baya sai ga rumbu, sai bishiyar mangwaro, sai akuya ɗaure a turke.

Ta ce, "Yaya, ranar da ya zana akuyar nan ce ya fara ba ni labari. Ya ce tasa ce, ya bar ta a ɗaure, bai sani ba ko wani ya kwance ta."

Yaron ya kusa shekara yana ɗauke da alhakin akuya a zuciya, babu wanda ya sani. Da aka sani, sai aka samu abin faɗa masa: ba laifinsa ba ne, manya ma gudu suka yi. Har yanzu yakan farka da dare, amma fitsarin kwance ya ragu, kuma ya koma wasa da sa'o'insa.

Abin da wannan malama ke yi da basirarta yana da suna a fannin lafiya: jinya ta hanyar zane. Wani mai zane ɗan Ingila, Adrian Hill, shi ya raɗa masa suna a 1942, bayan ya ga yadda zane ya taimake shi da sauran majinyata a asibitin masu tarin fuka. A nan gida, a farkon shekarun 1950, Ulli Beier ya kai wa majinyatan gidan masu taɓin hankali na Lantoro a Abeokuta fenti da takarda, suka fitar da zane-zanen da daga baya aka baje kolinsu. A 2005 ma'aikatan ƙungiyar Human Rights Watch sun miƙa wa yaran Darfur da ke gudun hijira a Chadi takarda da fensir don su yi wasa yayin da ake hira da iyayensu. Ba a ce su zana komai ba, sai ga jirage da mahaya da bukkoki suna ci da wuta. Haka a 2015, lokacin da UNICEF ta ce rikicin Boko Haram ya raba yara kusan 800,000 da gidajensu, zanen yaran da suka tsallaka Chadi da Nijar da Kamaru na cikin abin da ta nuna wa duniya.

Me ya sa zane ke buɗe abin da tambaya ta kasa? Abin tsoro ba ya zama a ƙwaƙwalwa kamar labari mai farko da ƙarshe. Gutsattsari yake zama: hoto, ƙara, warin hayaƙi, bugun zuciya. Shi ya sa fashewar taya ko ƙarar babur ke mayar da mutum daren da ya gudu. Idan aka sauke hoton a takarda, ya fito waje, ana iya kallonsa daga nesa, a ninke shi, a ajiye. Mai zane shi ke zaɓen launi da inda zai tsaya, kuma wanda aka kora daga gidansa babu abin da aka ƙwace masa kamar zaɓi. Sannan aikin hannu mai maimaituwa yana sassauta numfashi, zama cikin mutane kuma yana rage kaɗaici. Sai dai a sani, zane mataimaki ne. Jinyar da bincike ya fi tabbatar da ita ga firgici mai tsanani ita ce zaman tattaunawa da ƙwararren masanin halayyar ɗan Adam, wani lokaci tare da maganin da likita ya rubuta.

Abin da ya burge ni da Lafiya shi ne kayan aikin duk suna nan. Gari ne da aka san shi da saƙa da rini tun da. A zagayena na ga dattawa a inuwa suna ɗinkin hula, mata suna saƙar faifai da tabarma, masu lalle suna zana wa 'yan biki hannu, yara suna gina motoci da yumɓu da karan dawa. Uwar yaron nan ba ta taɓa riƙe fensir ba, amma ta iya kitso da saƙar faifai, kuma 'yar uwata ta lura ba ta sakin baki sai hannunta na kan kaba. Babba ba sai an ba shi takarda ba, a nemo sana'ar da hannunsa ya sani. Iyalan da ba su son zanen abu mai rai suna da faɗin fili: gida, gona, bishiya, taswirar ƙauye, zayyana irin ta allo ko ta bango.

Ga mai son gwadawa a gida, a kiyaye waɗannan. A sa lokaci guda da rana, ba dab da barci ba. Kada a ce wa yaro ya zana abin da ya faru, a bar shi ya zana abin da ya ga dama. Kada a gyara masa, kada a yi dariya, kada kuma a zama masu fassara, a ce baƙin launi na nufin kaza. Tambaya ɗaya ta isa: "Ba ni labarin wannan." Idan ya ƙi, a ƙyale shi. Idan ya fara kuka ko rawar jiki, a dakata, a rungume shi, a ba shi ruwa. A rufe zaman da zanen wurin da yake jin daɗi, ko mutumin da yake jin aminci a wurinsa. Zanen sirrinsa ne, ba na ɗorawa a WhatsApp ko Facebook ba.

Akwai kuma lokacin da gida ba ya isa. Idan an wuce wata guda ana mugun mafarki, ko yaro ya daina magana, ko ya daina cin abinci, ko babba ya fara shaye-shaye, ko yana jin muryoyi, a tafi babban asibiti, kamar wanda mutanen Lafiya suka sani da Dalhatu Araf, a nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa. Wanda ya ambaci kashe kansa kuwa, a ranar za a kai shi, kuma kada a bar shi shi kaɗai. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta amince cewa mai wannan lalura majinyaci ne mai haƙƙi kamar kowa. Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne, a haɗa su.

Ba Lafiya kaɗai ke da irin waɗannan baƙi ba. Suna Gusau da Katsina da Kaduna da Maiduguri, wataƙila a ɗakin da ke kusa da naku. Mun iya ba baƙo abinci da sutura da wurin kwana. A ƙara da tabarma, da takarda ko kaba, da mutum ɗaya mai haƙurin zama ba tare da tambaya ba. Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya sanyaya zukatan waɗanda aka raba da gidajensu. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.