Ming: Harafin da Ya Haɗa Rana da Wata

A littattafan lissafi na firamare a ƙasar Sin, yaron da ake yawan aika kasuwa ya sayo abu ya ƙirga canji sunansa Xiao Ming, wato Ƙaramin Ming. Sunan ya zama gama-gari har ana barkwanci da shi. Shahararren ɗan ƙwallon kwando Yao Ming, wanda aka haifa a Shanghai a 1980, shi ma wannan harafin yake ɗauke da shi: 明.

Zane takwas ne, huɗu a hagu suna nufin rana, huɗu a dama suna nufin wata. Ma'anarsa haske, daga nan ta faɗaɗa zuwa basira da fahimta. Iyayen da suka raɗa wa ɗansu Ming addu'a suke yi masa ya zama mai kaifin hankali.

Asalinsa ya fi haka zurfi. A rubuce-rubucen zamanin daular Shang, waɗanda aka sassaƙa a ƙashin shanu da ƙwaryar kunkuru fiye da shekara 3,000 da suka wuce, akwai sigar da taga take a gurbin rana. Hoton ke nan na farin wata yana leƙowa cikin ɗaki mai duhu. Wannan sigar ce Xu Shen ya sa a gaba a ƙamusunsa, wajen shekara ta 100 miladiyya.

Masu mulki ma sun yi kwaɗayinsa. Wu Zetian, mace ɗaya tilo da ta hau gadon sarautar Sin da sunan kanta, a 690, ta ɗauki sabon harafi, 曌, wanda ya ɗora rana da wata a kan sarari, ta mai da shi sunanta. A 1368 Zhu Yuanzhang ya kori Mongolawa ya kira daularsa Ming. Harafin ya tsallaka iyaka: shi ne Minh na Ho Chi Minh, shi ne kuma farkon sunan zamanin Meiji na Japan.

Bayan faɗuwar daular a 1644, harafin ya zama haɗari. Sarakunan Qing sun riƙa bin rubutun malamai da idon zargi, suna neman masu begen tsohuwar daula. A 1778 aka samu haruffa biyu a waƙoƙin Xu Shukui waɗanda ke nufin "gobe da safe", amma ana iya karanta su "daular Ming". Mawaƙin ya riga ya rasu, duk da haka aka tono gawarsa aka daddatsa, aka fille kawunan jikokinsa.

Yau malamin firamare yana rubuta harafin a allo ba tare da fargaba ba, yara kuma suna amfani da shi kullum, domin kalmar "gobe" a Sinanci, mingtian, da shi take farawa.