Abin Da Ba A Ba Ka Ba

Yau ba sanarwar taro na kawo ba, ba kuma tunin kuɗin wata ba. Tunda har an fara yawo da cewa sakatare ya hana gwaggonsa shinkafa, gara ku ji zancen daga bakina, sai dai dole in ɗauko shi daga nesa.

A 2018 na yi aikin wucin gadi na wata takwas a siton wata ƙungiyar agaji a nan Maiduguri, ina lissafin kayan da ke shiga da fita. Shugaban siton wani dattijo ne ɗan ƙasar Siri Lanka, siriri, mai furfura, mabiyin addinin Buda. Da farko ban saki jiki da shi ba. Abin da na sani game da masu wannan addini shi ne abin da muke ji a rediyo: tun watan Agustan 2017 sojojin Miyanma suka fatattaki Musulmin Rohingya, sama da mutum dubu 700 suka tsallaka Bangaladash, kuma akwai malaman Buda da suka riƙa zuga wutar. A ƙasarsa ma, cikin Maris na 2018, an ƙona shaguna da masallatan Musulmi a yankin Kandy. Wata rana na kasa haƙuri na tambaye shi. Bai musa ko ɗaya ba. Ya ce abin kunya ne a gare su, domin ƙa'idarsu ta farko ita ce kada a ɗauki rai. Sannan a hankali ya tambaye ni ko zan yarda a auna addinina da aikin waɗanda suka addabi Borno tun 2009. Na yi shiru, na ci gaba da ƙirga katan.

Daga nan ne muka fara hira. Ya ce Buda ya rayu a arewacin Indiya kimanin shekara 2,500 da suka wuce, an haife shi a Lumbini, cikin ƙasar Nefal ta yanzu. Talakan mabiyinsa, wanda ba malami ba, ƙa'idoji 5 yake riƙe wa, a yarensu suna ce musu pansil: kada ya kashe mai rai, kada ya ɗauki abin da ba a ba shi ba, kada ya yi lalata, kada ya faɗi ƙarya, kada ya sha abin da ke gusar da hankali. Ba a matsayin umarni ake karanta su ba. Mutum ne ke furtawa da bakinsa cewa ya ɗauki alkawarin horar da kansa a kan kowace, in ya karya kuma ya sake ɗauka. A Siri Lanka duk ranar da wata ya cika hutu ne na ƙasa, ana rufe shagunan giya, masu ƙwazo su tafi wurin ibada su ɗauki ƙa'idoji 8, har da barin cin abinci bayan rana ta take tsaka.

Kafin wani ya yi mini fassara, ni Musulmi ne, kuma ba na neman ƙari a kan abin da aka saukar mana. Kisa, sata, zina, ƙarya, giya, duk an haramta mana su, na san wannan tun ina riƙe da allo. Abin da ya dame ni daban ne. Na ga mutumin da ba ya sallah yana kiyaye abin da ni mai sallah biyar nake wa kwana.

Ƙa'ida ta biyu ce ta kama ni, saboda yadda aka tsara ta. Da cewa aka yi kada ka yi sata, da na wuce abina, don ban taɓa fasa shagon kowa ba. Amma abin da ba a ba ka ba yana da faɗi. Wata rana katan ɗin sabulu ya yage wajen sauke kaya, sanduna suka watse a ƙasa. Al'adarmu a siton, duk abin da ya faɗi ya zama na ma'aikata, a takarda a rubuta ya lalace. Har na zura biyu a aljihu. Dattijon bai yi faɗa ba. Durƙusawa ya yi ya tattara sauran, ya goge ƙura, ya nemi wani kwali ya jera su, ya ƙirga, ya ce saura biyu, ya tsaya yana dube-dube a ƙarƙashin mota. Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na fito da su na ce ga su nan na tsinta, wato na ɗora ƙarya a kan ɗauka. Daga baya ya ba ni labarin cewa malamansu masu jan mayafi ba sa kai komai baki sai an miƙa musu shi hannu da hannu, banda ruwa da asuwaki.

Ba duk abinsa na yarda da shi ba. Sauro ma ba ya kashewa, sai dai ya kore shi ya shige gidan sauro. Na ce masa a garin da zazzaɓin cizon sauro ke kwashe yara duk damina, ni kam zan ci gaba da tafa hannu. Kuma duk da haka yana cin bandar kifin Baga da daɗi, wai ba shi ya kama ba. Wannan lissafin har yau bai shige ni ba.

Aiki ya ƙare, ya koma ƙasarsu, na manta da shi. Sai daren 9 ga Satumba, 2024, wayewar 10, da madatsar Alau ta ɓalle. Ba sai na ba ku labari ba, da ku aka yi. Ruwa ya shanye Gwange, ya shiga fadar Shehu, da Kasuwar Monday da ba ta gama farfaɗowa daga gobarar 2023 ba, da Asibitin Koyarwa, har namun gidan zu na Sanda Kyarimi suka fito gari. Dattawa suka ce ya fi na 1994.

'Yan uwanmu na Abuja da Legas suka haɗa kuɗi, aka sayo shinkafa da man girki da tabarmi. Sharaɗinsu ɗaya ne, kuma ni na karanta shi a gaban taro: a ba gidajen da ruwa ya shiga. Ni aka ɗora wa rubuta sunaye.

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, tana unguwar da ruwa bai kai ba. Amma mutum 14 suka sauka a gidanta, ɗaki biyu, ga ta gwauruwa mai sayar da ƙosai. Ta aiko a kira ni. Ta ce, "Ɗan nan, biro yana hannunka. Ubanka da yana da rai ba sai na roƙa ba." Na ce, "Gwaggo, ruwa bai shiga gidanki ba." Ta ce, "Waɗanda ruwan ya koro fa, ina suka shiga?"

Tana da gaskiya, shi ne abin da ya hana ni barci. Ta fi wasu da ke cikin jerin buƙata. Layi ɗaya ne zan ƙara, babu mai zuwa dubawa, kuma na san ba ni kaɗai aka yi wa irin wannan kira ba. Har wani ya tuna mini da kason kwamiti, buhu ɗaɗɗaya na wahala, kamar yadda aka saba. Na buɗe littafi na rubuta harafin farko na sunanta. A nan ne na tuno dattijon nan yana leƙen ƙarƙashin mota. Masu kayan ba su ba ni in ba wanda na ga dama ba, kuma in na rubuta cewa ruwa ya ci gidanta na yi ƙarya da sa hannuna a ƙasa. Malamanmu suna da suna ga ɗaukar wani abu daga dukiyar jama'a kafin a raba, gululu, kuma na sha jin wa'azi a kai ina gyaɗa kai kamar da wasu ake.

Abin da na yi shi ne na kawo maganar fili. A taron gaggawa na ce akwai gidajen da suka sauki baƙi, cikinsu har da na gwaggona, a tambayi masu kayan ko sun yarda a sa su. Aka yi ta cacar baki. Wasu suka ce in aka buɗe wannan ƙofa kowa zai ce ya sauki baƙi, kuma ba su yi ƙarya ba. Aka buga waya, amsa ta ɗauki kwana 6. Suka yarda da rabin kaso ga masu masauki, bayan Bulama ya tabbatar. Kason kwamiti kuwa suka ce ba su san da shi ba. Kafin nan gwaggo ta riga ta sayar da akuyarta ta ciyar da mutane, rabin buhun ya iso a makare. Wannan akuyar tana wuyana, ban kuma tabbata na kyauta mata ba.

Kada kuma ku ɗauka na zama waliyyi. Da na koma kan tsofaffin littattafanmu na tarar sau da yawa na rubuta "an amince baki ɗaya" a inda na san mutum uku ko huɗu sun ƙi, don kawai kada a ga rabuwar kai. Na ga kuma katin waya da na saya da kuɗin ƙungiya na kira harkokina da shi. Na lissafa abin da na iya tunawa na mayar wa ma'aji, zai karanta adadin a taron ƙarshen wata. Daga yanzu duk wanda ya ƙi amincewa da wata shawara zan rubuta cewa ya ƙi, in ba ya son sunansa ya fito ya faɗa mini a wurin.

Gwaggo tana amsa gaisuwata, amma a taƙaice, ba ta ƙara ce mini ɗan nan ba, sai Malam Sakatare. Ranar Juma'ar da ta wuce na je na tarar tana suya, ta zuba mini ƙosai na ɗari biyu a takarda, ta miƙo hannu na biya.