Ɗawainiyar 'Yan'uwa Bayan Faɗuwar Mubi

A ƙarshen Oktoba 2014 'yan Boko Haram suka mamaye Mubi da Kwarhi, inda hedikwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya take. Ikilisiyar da aka kafa a Garkida tun 1923 ta wayi gari shugabanninta sun yi hijira zuwa Jos. Watanni shida kafin nan aka sace 'yan matan Chibok, galibinsu 'ya'yanta.

Tallafi ya zo daga 'yan'uwa na Amurka, amma ɗawainiyar cikin gida ta fi tsaya mini a rai. A Yola da Jos, mai ɗaki biyu ya buɗe ƙofa ga iyalai da yawa da suka gudo. Da dare a shimfiɗa tabarmi har tsakar gida, da asuba a naɗe. Uwargida ta ajiye ƙaramar tukunya ta aro babba, ta ƙara wa miyar kuka ruwa don ta isa kowa. Matan zumuntar ikilisiya su bi gida-gida suna haɗa mudun masara, sabulu, zanen da ba a daɗe da ɗaurawa ba, su kai wa gwauruwa, su zauna da ita har yamma.

Zaman ba ya rasa gajiya, domin baƙon da ba shi da ranar tafiya nauyi ne, kuma masu masaukin ma ba masu hali ba ne. Wasu kuwa ba su sami ko wannan ba: tsallakawa suka yi zuwa Kamaru, suka ci gaba da sujada a sansanin Minawao.